Zaman Gida Lokacin Killacewa: Tambayoyi da Amsoshi ga Mazauna Yamai

Mazauna Yamai ba su manta da shekarar 2020 ba. Ranar 19 ga Maris aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Nijar, washegari makarantu suka rufe, ranar 27 ga watan kuma shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya ba da sanarwar dokar ta-ɓaci ta kiwon lafiya, tare da hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe da rufe hanyoyin shiga da fita birnin. Sai ranar 13 ga Mayu aka sake buɗe masallatai da majami'u, ɗalibai kuma suka koma aji ranar 1 ga Yuni. Killacewa ba ta tafi tare da korona ba, domin har gobe likita yana iya umartar mutum ko iyali su zauna gida saboda ƙyanda ko wata cuta mai yaɗuwa. Tambayoyin da ke ƙasa na wanda irin wannan zama ya kama ne, ko na kwana biyar ne ko na mako biyu.

Kullum muna kukan rashin hutu. Me ya sa da an ce mu zauna gida sai zaman ya gundure mu?

Saboda rayuwar mutumin Yamai a waje take. Magidanci yana da wurin aiki da masallaci da majalisar ƙofar gida, saurayi yana da fadarsa, inda yake zaman shayi da abokai, uwargida tana da kasuwa da biki da suna da barka da gaisuwar rasuwa. Waɗannan su ne suke yanka wa mutum yini gida-gida, su sa ya san safiya ta wuce, la'asar ta yi. Idan aka ɗauke su gaba ɗaya sai yinin ya zama dunƙule guda, mutum ya kwanta ya tashi bai san ko Talata ce ko Laraba ba, daga nan kasala ta shigo, tunani ya biyo bayanta. Don haka maganin farko shi ne a mayar wa yini da gaɓoɓinsa, tun kafin a fara neman fim ko wasa.

To yaya ake tsara yinin?

Musulmi ya riga ya samu rabin aikin a shirye, tun da salloli biyar sun raba masa yini. Abin da ya rage shi ne ya ba kowane tsakani aikinsa. Daga asuba zuwa hantsi shi ne lokacin duk abin da yake buƙatar ƙarfi ko natsuwa, wato karatu, shara, wanki, motsa jiki da darasin yara, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafin Yamai yake haura digiri 40 da rana tsaka. Daga hantsi zuwa azahar aikin hannu ne a inuwa. Bayan azahar a huta, amma kada ƙailula ta wuce kamar rabin awa, domin wanda ya yi barcin awa uku da rana zai raba dare yana latsa waya, gobe kuma ya tashi da nauyin kai. Bayan la'asar wasa da kiran ƴan uwa, bayan isha'i hira.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da mutane suke rainawa alhali suna da tasiri sosai. Na farko shi ne wanka da sauya tufafi da safe kamar mai shirin fita. Wanda ya yini da kayan barci jikinsa ba ya yarda cewa gari ya waye. Na biyu shi ne cin abinci a kan lokaci kuma tare, idan babu marar lafiya a cikin masu cin. A ganina bai kamata a cika takarda da dogon jadawali ba. Ayyuka biyu ko uku da aka ƙudurta tun da dare, aka kuma gama su washegari, sun fi goma da aka rubuta aka bari.

Yarana sun hana ni sakat. Me zan yi da su tun da ba makaranta?

Yaro ba ya iya zaman da babba yake yi, kuma ba rashin kunya ba ne idan ya kasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na wasan motsa jiki a kowace rana, don haka wanda aka tsare a ɗaki daga safe zuwa dare dole ƙarfin nan ya fito ta hanyar faɗa da ƙanne ko ɓarna. A fara sallamar jikinsa tukuna: tsallen igiya, langa, ƴar gala-gala da aka zana da gawayi a tsakar gida, ko ƙwallon tsumma a inda ba zai fasa tulu ba.

Karatu kuma a yi shi guntu-guntu. Ɗan aji CI ko CP, wato azuzuwan farko na firamare, minti 20 ya ishe shi a zama ɗaya, na CM2, ajin ƙarshe na firamare, yana iya kaiwa minti 40, ɗan sakandare mai shirin jarrabawar BEPC ko Bak shi ne zai tsara wa kansa awoyi, ya riƙa maimaita tsofaffin tambayoyin jarrabawa yana duba agogo. Uwa ko uban da bai yi boko ba kada ya ce ba shi da abin yi a nan. Ya zaunar da yaron ya ce, "Karanta mini wannan shafi, sannan ka faɗa mini da Hausa abin da ya ce." Yaron da ya iya mayar da darasin Faransanci zuwa harshen gidansu ya fahimce shi, wanda ya kasa kuma an gano inda matsalarsa take. Yaya ya koya wa ƙane, domin mai koyarwa shi ma bita yake yi. Lissafi yana nan a madafa: tiya nawa ta gero gidan yake ci a mako, nawa ke nan a wata, idan an ba mai shago jika biyu an sayi sukari da ganyen shayi canjin nawa zai dawo. Allo ma kada a jingine shi, ko aya biyu ce a wanke a rubuta.

A lura da wani abu guda. Lokacin annoba gidaje suna cika da ruwan jabel da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta, kuma sau da yawa ana zuba su a robar lemo. Yaro mai jin ƙishirwa ba ya tambaya. A ɗora su inda hannunsa ba ya kai, tare da kananzir da ƙwayoyin magani, a kuma rufe duro da bokitin ruwa saboda masu rarrafe.

Wane wasa ne ba ya cin kuɗi kuma ba ya jiran wuta?

Wasannin da iyayenmu suka tashi da su duk haka suke. Dara ba ta buƙatar komai sai rairayi: a tona gurabe 30, layi biyar a jere shida, ɗaya ya ɗauki tsinke 12, ɗayan ya ɗauki tsakuwa 12, kowa yana neman jera uku don ya cinye na abokinsa. Wasa ne da yake cinye awa biyu ba a sani ba, kuma uba da ɗa suna iya zama a kansa ba tare da girma ya zube ba. Ƴan mata suna da carafke, akwai kuma lido da karta ga masu su.

Da dare, idan an ɗauke wuta aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, lokacin tatsuniya ne. Yara da yawa a Bukoki da Talaje da Yantala sun san ƴan wasan fina-finan ƙasashen waje ɗaya bayan ɗaya, amma ba su taɓa jin an ce "Ga ta nan, ga ta nanku" sun amsa da "Ta zo mu ji ta" ba, kuma wannan abin takaici ne da zaman gida yake ba da damar gyarawa. Idan tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi sun ƙare, a koma kacici-kacici da gasar karin magana, inda wani zai faɗi rabi wani ya ƙarasa. Gidan da ake jin Hausa da Zabarmanci, kamar yadda gidajen Yamai da yawa suke, sai a yi da harsunan biyu.

Wanda yake da tsoho a gida ya samu abin da ya fi wannan duka. A ɗauki waya a naɗi muryarsa: "Kaka, daga wane gari kakanninmu suka taso, daga Adar ne ko Arewa ko Damagaram? Yaya ake ƙetare kogi zuwa Harobanda kafin a buɗe gadar Kennedy a 1970? Me kuka ci a farin 1973 da yunwar 1984?" Tsoho yana jin daɗin a tambaye shi, hirar tana iya ɗaukar darare da yawa, abin da aka naɗa kuma zai zauna wa jikoki.

Laifi ne in yini a kan waya?

Waya ita ce ta riƙe zumuncin mutane da yawa a 2020, don haka ba abar zargi ba ce. Illarta tana zuwa ta hanya biyu. Ta farko ita ce kuɗin intanet, wanda bidiyo yake lashewa cikin ƴan awoyi a daidai lokacin da samu ya ragu. Ta biyu, wadda ta fi muni, ita ce jita-jita: saƙon murya na wanda ba a san ko wane ne ba yana cewa an gano magani, ko yana ƙirga gawarwakin da bai gani ba. Yawan irin wannan ne ya sa a Afrilun 2020 kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙon da ya riga ya zagaya sosai zuwa wuri ɗaya kawai a lokaci guda. Shawarata ita ce a ware wa labarai lokaci biyu, safe da yamma, a ji su daga rediyo ko talabijin da aka san inda suke, irin su Voix du Sahel da Télé Sahel da shirye-shiryen Studio Kalangou da ake watsawa da Hausa, sannan a rufe babin. Duk abin da bai fito daga ma'aikatar kiwon lafiya ko likitan da aka sani ba, kada a tura shi gaba.

Game da ƙanana, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a zaunar da wanda bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Gidanmu ƙarami ne. Ina zan motsa jiki?

Abin da ake so ga babba shi ne aƙalla minti 150 a mako, wato kamar rabin awa sau biyar. Idan tsawon tsakar gida mita 10 ne, zuwa da dawowa sau 50 kilomita ɗaya ke nan. Daka, shara, wanki da ɗaukar ruwa duk suna cikin lissafi. Dattijo ya riƙa tashi daga kujera yana komawa sau goma, yana dafa bango idan da buƙata. A yi bayan asuba ko gab da magariba, a sha ruwa sosai, mai zazzaɓi kuma ya bari sai ya warke.

Wane aikin hannu ne ya dace da irin wannan zama?

Hausawa sun ce da zaman banza gara aikin kishiya, kuma a kowane gida akwai aikin da aka shekara ana cewa sai an samu lokaci: ƙofar da take ƙara, kujerar da igiyarta ta tsinke, gidan sauron da ya yage, takardun haihuwa da na fili da na makaranta da suke warwatse cikin akwati. Tattara takardun nan wuri ɗaya da ɗaukar hoton kowace da waya aikin yini guda ne da zai yi rana wata rana.

Mata da yawa sun riga sun san hanyarsu: saƙa, ɗinki, faifai, haɗa turaren wuta, kitso da lalle a tsakanin ƴan gida. Idan killacewar ta faɗo lokacin da albasar Galmi da tumatir suke araha, yankawa da shanyawa suna rage kuɗin cefanen damina. Maza kuma babu abin da zai ragu a jikinsu idan suka koyi dafa shinkafa da wake ko dambun zogale. Namijin da ya iya tukunya ba ya shiga uku ranar da uwargida ta kwanta ciwo, kuma lokacin annoba wannan rana tana iya zuwa ba sallama.

Abin da na fi ba da shawara a kai shi ne shuka. Tsohon bokiti ko buhun siminti da aka huda ƙasansa, aka cika da ƙasa da busasshen taki, ya isa a shuka yakuwa, alayyafo, na'a-na'a ko zogale, a riƙa ba su ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi. Irin zogale yakan tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu, wato kafin kwana 14 na killacewa su cika mutum zai ga koren ganye ya fasa ƙasa. A ba kowane yaro bokitinsa, za a ga yana rige-rigen tashi da safe don ya duba nasa.

Yaya batun ibada idan ba a zuwa masallaci?

Wannan ne ya fi yi wa jama'a ciwo a 2020, musamman da azumi ya kama cikin dokar. Amma zaman gida saboda annoba yana da asali a addini. Hadisi ingantacce ya hana shiga garin da annoba ta sauka da kuma fita daga cikinsa, kuma Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba a can. Mai gida yana iya jan iyalinsa jam'i, idan duk lafiyarsu lau. Alƙur'ani izu 60 ne: mai karanta izu biyu a rana zai sauke cikin wata ɗaya, mai karanta huɗu cikin kwana 15. Lokaci ne kuma na sauraron karatun yara a gyara musu fatiha da tahiya, abin da iyaye da yawa suka bar wa malamin allo shi kaɗai. Iyalan Kirista su ma suna iya tsayar da lokacin addu'a da karatu tare.

Na saba da fada da shayi. Shi ke nan sai in rabu da abokai?

Zama kafaɗa da kafaɗa da zagayawar ƙaramin kofi ɗaya daga baki zuwa baki hanya ce mai sauƙi ga cuta, don haka fada ta dakata. Abota ba ta dakata ba. A sa lokaci, misali bayan la'asar, kowa ya ɗora butarsa a gidansu a yi hirar ta waya. An ce zumunta a ƙafa take, to idan an ɗaure ƙafa sai murya ta karɓe ta: kowace rana a kira mutum biyu, a fara da tsofaffi da zawarawa da ɗaliban da suka zo karatu Yamai ba su da kowa, sannan dangin ƙauye da hankalinsu yake tashi duk lokacin da suka ji an rufe birni. Gargaɗi guda: kada a hura gawayin shayi cikin ɗaki a rufe, domin yana fitar da iska mai guba marar wari wadda take kashe mutum cikin barci.

Ni kaɗai aka keɓe a ɗaki, sauran ƴan gida lafiyarsu lau. Yaya zan yi da kaɗaici?

Wannan ya fi kowane wuya, kuma nauyin rabinsa a kan ƴan gida yake. Marar lafiya ya samu kofinsa da kwanonsa da butarsa, tagarsa a buɗe don iska ta riƙa ratsawa, da rediyo ko abin karatu a kusa. Su kuma na waje kada su mayar da shi abin gudu. Ana iya ajiye kujera a tsakar gida, nesa da ƙofar da taku biyu ko uku, a yi hira da shi safe da yamma. "Baba, ina kwana, yaya ƙarfin jiki?" daga bakin ƙaramin yaro ta taga yana ɗaga zuciyar majinyaci ƙwarai. A gidan haya da ake tarayya a makewayi da famfo, a faɗa wa maƙwabta gaskiya, a wanke wurin bayan ya shiga, kowa ya riƙa wanke hannu da sabulu. Ɓoye ciwo saboda kunya shi ne yake kai shi ɗakin maƙwabci.

Ni sai na fita nake samun na cefane. Wannan duk ba maganar masu albashi ba ce?

Tambayar tana kan gaskiya. Ɗan kabu-kabu, mai taksi, mai tebur a Katako ko Wadata, da mai tuyar ƙosai a bakin titi, abin da yake damunsu tukunya ce, kuma babu wasan dara da zai cika ta. A 2020 gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin wuta da ruwa na watannin Afrilu da Mayu ga masu ƙaramin amfani, amma wannan bai sa hatsi a kwano ba. Abin da mai sana'a zai iya yi daga gida shi ne ya gyara kayan aikinsa, ya zauna ya rubuta bashin da yake bi da wanda ake bin sa, ya kira abokan cinikinsa don kada su koma wani wuri, ya kuma nemi ƴan adashinsu su ɗaga masa zubi. Tela da mai saƙa da mai yin cincin suna iya karɓar aiki ta waya a aiko a ɗauka a ƙofa. Sauran nauyin yana kan maƙwabci mai hali, wanda ya kamata ya aika da tiyar shinkafa ko gero tun kafin a roƙe shi, domin magidanta da yawa sun gwammace su kwana da yunwa da su buɗe baki.

Yaushe ne abin ya wuce gundura, ya zama sai an nemi taimako?

Ƙananan saɓani tsakanin miji da mata, ko tsakanin kishiyoyi, yana ƙaruwa idan ana ganin juna dare da rana ga zafi ga ƙarancin kuɗi. A ba kowa ɗan lokacin da ba mai damun sa, wanda ransa ya ɓaci kuma ya koma wani gefen gida har ya huce. Idan abin ya kai ga duka, ba a jiran killacewa ta ƙare, a kira manyan dangi ko mai unguwa ko jami'an tsaro a ranar.

Haka kuma idan mutum ya kai mako biyu ba ya barci, ba ya son abinci, ya daina jin daɗin duk abin da ya saba so, ko ya fara maganar gara ya mutu, wannan ciwon damuwa ne, yana da magani, kuma a gaya wa ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibitin unguwa, wato CSI, ba tare da jin kunya ba. Ta ɓangaren jiki, numfashi da ƙyar, ciwon ƙirji, ruɗewa, zazzaɓin da ya ƙi sauka, sanƙarewar wuya, ko yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, duk alamu ne da ba a zama da su a gida. A kira ma'aikatan lafiya a faɗa musu cewa gidan a killace yake, don su san irin shirin da za su yi kafin a kai majinyacin.